Iskar da Muka Kira Sifili

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
18 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Ado da yara, da sauran 'yan uwa na Tudun Wada. Yaya ƙafar taki? Yaya jikin Gwaggo Ɗelu? Ni lafiya lau, in ban da gwiwa da tsufa. Alhamdu lillahi.

'Yarki Fiddausi ta ce kina ƙorafin ba na ɗaukar waya. Gaskiya ne. Ke da an kira ki sai ki ƙure murya ki ajiye wayar a tsakar gida, har kaji su ji abin da ake ciki. Shi ya sa na koma ga abin da na iya: in rubuta da hannuna, in ɗauki hoton takardar in turo miki. Ki karanta ke kaɗai.

Abin da ya sa na rubuto ƙarami ne, amma ya ishe ni. Don Allah ki daina aiko wa 'yarki humra da turaren wuta.

Na san za ki ce me ya haɗa ni da turaren mata. To bari in yi miki bayani sau ɗaya, tun da shekara ashirin da ɗaya ke nan kina gaya wa maƙwabta wai yayanki yana gyaran intanet a Malesiya. Ba intanet nake gyarawa ba. A ɗakin gwajin da muke aiki ni da Fiddausi, zaren gilashi muke sarrafawa, kaurinsa bai fi gashin kai ba. Haske yana shiga ta wannan baki ya fita ta wancan. A tsakiyarsa, kamar tsawon ɗan yatsa, muna feɗe masa riga mu shafa wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Wannan ƙaron yana da kwaɗayin tururin fetur da fenti da gam da danginsu. In suna cikin iska sai ya zuƙe su, hasken da ke wucewa ya ragu, kwamfuta ta rubuta lamba. Hanci ne, Barira, hancin gilashi wanda ba ya mura. Aikin digirin 'yarki kacokan shi ne ta koya wa hancin nan gane benzin, wani mugun sinadari da ke cin jinin mutum a hankali.

Ni kuwa, da na fita da daraja ta ɗaya a Zariya tun ba a haifi mijinta ba, aikina in yanka zare in wanke kwalabe. Farfesan da ke da kamfanin da muke aiki a ciki, wanda kuma yake duba aikinta, ni na koya masa riƙon wuƙar yankan zare yana ɗalibi. Yau shi ke sa hannu a takardar zamana a ƙasar. Komai aka tambaye shi sai ya ce boleh, wato zai yiwu, ya shiga mota ya tafi.

Kafin a auna komai, sai an nuna wa zaren iska mai tsabta an ce masa wannan ita ce sifili, kamar yadda mai awo ke daidaita sikeli kafin ya ɗora kaya. To tun bara waccan, daidai lokacin da kika fara aiko da kwali ta hannun masu zuwa, zaren ya daina zama wuri ɗaya. Ina isa ƙarfe takwas in same shi kwance lafiya. Ƙarfe goma 'yarki za ta shigo, an ce ƙamshi na bin ta, don ni tun korona hancina bai dawo ba, kuma kafin ta gama ajiye jaka lamba ta fara hawa.

Sai na yi dabara. Na daina saita sifili da sassafe. Ina bari sai ta zo ta zauna, ƙarfe goma da rabi, sannan in buɗe wa zaren iskar ɗakin in ce masa ga sifili. Ta haka humrar ta shige cikin sifilin ta daina damun mu. A littafi dai da iskar naitirojin ake yi, amma tukunyarta tana ƙasa a gindin matakala, mu kuma muna bene, kuma ban yi karatun da na yi don in ƙare da dakon tukunyar gas ba. Iska dai iska ce.

Sai dai kwanan nan abin ya ƙaru, dabarar ma tana neman gazawa. Jiya na ƙwace kwalbar da ke jakarta na kulle a durowata. Ta yi dariya ta ce kawunta ya zama ɗan kwastan. Ke dai ki taimake ni daga can.

Ki gaishe da Malam Ado da yara. Allah ya bar zumunci.

Wassalam,
Yayanki,
Datti

Wangsa Maju
21 ga Afrilu

Ƙanwata Barira,

Assalamu alaikum. Ina yi miki barka da shan ruwa, da fatan an yi Sallah lafiya, Allah ya karɓi ibadunmu. Yaya mutanen gida? Na ga hoton yara da ɗinkin Sallah, sun girma, ban gane ko ɗaya ba.

Amsarki ta iso, na kuma saurare ta har ƙarshe, duk da minti tara ce. Kin ce ni tun muna yara ban taɓa fasa kwano ba, kullum wani ne ya ture ni. Na ji. Amma saurari wannan. Satin Sallah 'yarki ba ta zo aiki ba. Ni na zo, don ba ni da gidan da zan je yawon Sallah. Kwana shida cur zaren yana kwance kamar ruwan randa, ko motsi. Ran Litinin ta dawo, ƙarfe goma da minti biyar lamba ta tashi. Ta rantse mini ta daina shafa komai, har sabulu ta canza. Na ce hayaƙin turarenki ya riga ya kama kayanta, wanki ba ya fitar da shi. Ban san wace hujja kike so bayan wannan ba.

Yanzu ki yi kamar ba ki karanta layin nan ba, tun da ta fari ce kuma ko sunanta ba kya kamawa. Muntasir ya same ni a shagon shayi, irin wanda suke kira mamak a nan, da ke ƙasan gidajenmu, yana ta murza hula, ya gaya mini an samu ƙaruwa, wata uku ke nan. Allah ya raba lafiya. Yaron kirki ne mijin nata, ko da yake karatun tattalin arziki yake yi, wanda ban ɗauke shi karatu ba.

Laulayin yana ɗan wahalar da ita. Ciwon kai take yi kullum da la'asar. Da azumi mun ce azumi ne, yanzu mun ce cikin ne. Ran Asabar na raka su Jalan Masjid India sayen yadi, muna fitowa jiri ya ɗebe ta, sai da ta zauna a matakalar Masjid Jamek har aka kira La'asar. Ta yi fari ƙwarai. Ki gaya mata abin da mata ke ci a irin wannan hali, ni ban sani ba.

Abin da na sani shi ne ƙarshen Yuni za ta rufe gwaje-gwajenta, kuma hukumar da ta turo ta karatu ba za ta ƙara mata ko wata ɗaya ba. Na ce ta riƙa kaiwa ƙarfe shida maimakon huɗu, ta gama kafin jiki ya yi nauyi. Kin san abin da ya same ni. Saura wata bakwai in gama nawa digirin malamina ya kwashe sakamakon ya bar ƙasar, aka ce in sake daga farko. Na ce zan huta shekara guda in dawo. Ga ni nan ina hutawa. Kunya ta hana ni komawa gida, har Baba ya rasu yana gaya wa mutane ɗansa dakta yana hanya. Ni na jawo yarinyar nan wurin nan, kuma ba zan zuba ido ta zama ni ba.

Ni ma tsufa yana ta aiko da saƙo. Da safen nan na ga jini ya kwanta a cinyata, shuɗi, faɗin tafin hannu, ban kuma tuna na bugu da komai ba.

A gaishe da kowa da kowa.

Naki,
Datti

Wangsa Maju
19 ga Mayu

Barira,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya ruwa, an fara samu a wajenku? Nan kullum da yamma sai an yi kamar da bakin ƙwarya. A gaishe da Malam Ado.

Tambaya nake da ita, ki amsa mini a rubuce, ba da murya ba. Fiddausi tana haɓo tana ƙarama? A danginmu ko na ubanta akwai mai yawan haɓo, ko wanda dasashinsa ke jini in ya yi asuwaki? Ki yi tunani sosai kafin ki amsa.

Ba wani abu ba ne. Wani abu ne dai ya faru a wurin aiki ran Laraba da ya tsaya mini a rai.

Farfesa ya yi baƙi masu son ganin na'urar, ya ce a kai ƙaramin akwatin gwajin bakin tafkin Titiwangsa, don wurin ya fi kyau a hoto. Na saita sifili a ɗakinmu ƙarfe goma da rabi kamar kullum, na rufe akwatin, na hau jirgin ƙasa da shi. A bakin tafkin akwai iska mai daɗi, ga bishiyoyi, tsofaffi suna motsa jiki, yara suna tuƙa kekuna. Na ɗora akwatin a kan benci na buɗe wa zaren iska. Baƙin suka kewaye ni.

Lambar ba ta tsaya a sifili ba, ba ta kuma hau ba. Sauka ta yi. Ɗaya ƙasa da sifili, uku, bakwai. Na tsaya ina kallo har ta kai goma sha ɗaya ƙasa da sifili, ta zauna a nan daram.

Farfesa ya dube ni. Na ce laimar tafki ce ta ruɗa zaren. Ya juya ya gaya wa baƙin haka da Turanci mai daɗi, aka yi dariya, aka ɗauki hoto, aka tafi cin abinci.

Barira, na san abin da laima ke yi wa zaren nan, don a kansa na yi rubutun da aka gudu da shi. Tana iya motsa shi da ɗaya, in ta yi yawa ɗaya da rabi. Kuma babu iskar da ta fi babu tsabta. In sikeli ya nuna ƙasa da sifili bayan an ɗauke komai daga kansa, to lokacin da aka daidaita shi akwai kaya a kai. Ban bi su cin abincin ba. Na zauna a bencin nan har azahar, ina kallon ƙaron yana amayar da abin da ya sha a ɗakinmu. Kwalbar humra ɗaya ba ta kai goma sha ɗaya, ko wanka aka yi da ita. Kuma kwalbar tana kulle a durowata tun Fabrairu.

Akwai abin da zan duba gobe. Kada ki ce wa 'yarki komai, kada ki tayar mata da hankali a halin da take ciki. Ki dai amsa mini maganar haɓon.

Yayanki,
Datti

Wangsa Maju
13 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Malam Ado, in zai amsa. Na san Muntasir ya kira ku shekaranjiya daga asibiti. Jikin nata da sauƙi, an ƙara mata jini, haɓon ya tsaya, kuma likita ya ji bugun zuciyar abin da ke cikin. Wannan shi ne abin da Muntasir ya sani a lokacin. Sauran ni zan gaya miki, kuma ki zauna kafin ki ci gaba.

Kin amsa mini cewa ba ta taɓa haɓo ba a rayuwarta. Kafin amsarki ta zo na riga na sani.

Washegarin wasiƙata ta ƙarshe Fiddausi ta je awo, ba ta shigo ba sai azahar. Ni kaɗai ne a ɗakin. Na zauna gaban kwamfuta tun takwas. Ƙarfe goma daidai na ji ƙarar ƙofar ƙarfe ana ɗaga ta a ƙasa, ƙarar da nake ji kullum shekara biyu ban taɓa sauraron ta ba. Bayan minti biyar lamba ta fara hawa, kujerar 'yarki kuwa babu kowa a kai.

Na sauka. Shagon da ke ƙarƙashinmu a da na ɗinki ne. Bara waccan wani ya kama shi, ya rufe gaban da allon talla, ta baya yake harkarsa. Na zagaya ta lungu na leƙa. Durom-durom ne jere, babu rubutu a jikin ko ɗaya, ana ɗura tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, daga durom zuwa ƙananan galan, baki a buɗe. Na ɗaga kai na ga inda bututun ruwa ya huda silin ya shige sama, da rami a gefensa wanda hannu zai shiga. Na san inda bututun ya fito. Ƙarƙashin teburin Fiddausi ne.

Da Sallah ba don ta tafi hutu zaren ya kwanta ba. Duk titin ne a rufe. Da a ce na ɗauki tukunyar nan na hau da ita ko sau ɗaya, da ran nan zaren ya gaya mana gaskiya. Abin da aka ƙera shi ya yi ke nan, kuma ya yi ta faɗa kullum ƙarfe goma da minti biyar. Ni ne nake zuwa goma da rabi in rufe masa baki.

Wannan kuskure ne, Allah ya sani. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne.

Da ta dawo daga awo na gaya mata komai. Ba ta tambayi lafiyarta ba. Abin da ta fara tambaya shi ne sakamakonta na shekara biyu, tun da duk a kan sifilin ƙarya aka auna shi. Ta ce ai za a iya gyarawa, a ƙara goma sha ɗaya a kan kowace lamba. Na san ba zai yiwu ba, don abin da ake ɗurawa a ƙasa yau ba shi ne na jiya ba, amma ban gaya mata ba. Ta ce in na kai ƙara za a rufe ginin, aikinta ya mutu. Ta roƙe ni sati biyar kawai, kada in gaya wa Farfesa, kada in gaya wa Muntasir, kada in gaya miki. Na ƙi. Sai ta dube ni ta ce, ai Kawu ya fi kowa sanin abin da mutum ke zama in bai gama ba.

Barira, na yarda.

Na cusa tsumma a ramin na liƙe da salatif. Na sayo mata takunkumin hanci a kantin magani, alhali na san irin wannan ƙura yake tarewa, tururi wucewa yake kamar babu komai. Na buɗe taga, ta ce zafi yana ɓata mata awo, ta rufe, na ƙyale ta. Lambar ta ragu zuwa bakwai, na ce wa kaina an samu sauƙi. Ni da na karanta abin da benzin ke yi wa ɓargo tun kafin a haife ta. Kullum ina zaune ina kallon ƙeyarta, ina ƙirga kwanaki, ina gaya wa kaina taimakonta nake yi. Yanzu da nake rubutu na gane ba digirinta nake tsaro ba. Nawa ne, wanda ya mutu tun shekara goma sha bakwai.

Ran Talata, sati na uku da kwana ɗaya, tana sunkuye tana haɗa zare sai jini ya ɗigo a kan teburin. Ta sa hannu ta toshe, ya biyo ta tsakanin yatsu. Ta ce mini kada in damu, bari ta gama wannan ɗaya. Ba ta gama ba.

Jiya da safe na rubuta komai, da ranaku da lambobi da sunana a ƙasa, na kai wa hukumar kula da lafiyar ma'aikata da hannuna, na ba Farfesa kwafi. Wannan karon bai ce boleh ba. Daga nan na wuce asibiti na gaya wa likitanta abin da zai nema a jininta, sannan na ja Muntasir gefe na gaya masa. Bai zage ni ba. Cewa ya yi in tafi gida in huta, Kawu. Da ya mare ni da ya fi mini.

Ba na neman ki yafe mini a wannan takarda. So nake ki ji daga bakina kafin ki ji daga na wani.

Yayanki,
Datti

Wangsa Maju
20 ga Yuli

Barira,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ban ji daga gare ki ba, kuma ban yi tsammani ba. Na ga alamar kin buɗe takardar, wannan ya ishe ni.

Ran Alhamis Fiddausi da Muntasir za su taso, su sauka Kano ran Juma'a da hantsi. Likita ya yarda ta hau jirgi yanzu, nan da sati uku ba zai yarda ba. Muntasir yana ɗauke da takardun asibiti a jaka mai ruwan ƙasa. Kada a bar su a ƙasan akwati, a kai su asibitin koyarwa cikin satin. Jininta ya fara farfaɗowa tun da ta bar ɗakin, amma ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini har yanzu ba su kai ba. A gida kada ta haihu, ko Gwaggo Ɗelu ta ce me. A tanadi masu ba da jini tun kafin ranar. Abin da ke cikin yana motsi, sai dai bai kai girman watanninsa ba. Na tambayi likita abin da zai biyo baya, ya ce babu na'urar da ke auna wannan, sai dai a jira.

An rufe shagon, an kwashe durom-durom ɗin. Gwajin hukuma ya nuna akwai benzin a ciki, mai yawa. Kamfaninmu ma an rufe. Jami'a ta ce sakamakon Fiddausi ba zai karɓu ba. Ba ta yi mini magana ba tun ranar. Na je gidan sau biyu, Muntasir ya ce tana barci, ina jin motsinta a kicin.

Kafin a sa wa ɗakin kwaɗo an ba ni awa biyu in kwashe kayana. Na tsaya a gindin matakala na dubi tukunyar naitirojin ɗin nan, sai na rungume ta na hau da ita. Matakala ashirin da shida ce, Barira, na ƙirga. Na huta sau biyu. Duka-duka minti huɗu.

Na saita sifili na gaskiya, karo na farko cikin shekara biyu. Sannan na buɗe durowa na ɗauko humrarki, na cire murfin na kara ta a bakin zaren. Ta motsa shi da abin da bai kai ɗaya ba, kafin in mayar da murfin ya koma ya kwanta.

Na ba Muntasir kwalbar ya sa a kayanta. Ki ba ta ta shafa. Ki turara mata ɗaki da kaya yadda kike so.

Gamaliel, abokina mutumin Pankshin da ke aiki a ɗakin gwajin jini, ya matsa sai da ya ɗebi jinina. Da sakamakon ya fito bai turo ta waya ba, da kansa ya kawo, ya zauna ya sha shayi bai yi zolayar da ya saba ba. Ita daga goma take zama a ɗakin, wani lokaci ta yi fashi. Ni ban taɓa fashi ba. Ran Litinin za su ɗebi ɓargona.

A gaishe da yara.

Datti

Asibiti, Kuala Lumpur
29 ga Satumba

Ƙanwata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Barka, barka. Allah ya raya Zahra, ya ba uwarta lafiya, ya saka wa waɗanda suka ba da jini. Muntasir ya ce ta zo da saura sati biyar, ba ta kai kilo biyu ba, amma an fitar da ita daga kwalba ana gobe suna, kuma tana kama nono. Na gode da kika bar shi ya gaya mini. Ki yi haƙuri da rubutun, allurar ƙarin ruwa ce a hannun.

Jiya da hantsi saƙo ya shigo daga lambar Fiddausi, na farko tun watan Yuni. Babu gaisuwa, babu ko kalma ɗaya. Hoton takardar gwajin jinin jaririyar ne kawai. Na daɗe ina kallonsa kafin in gane abin da take nufi. A duk dangi babu wanda ya iya karanta lambobin nan sai ni, kuma ta san yanzu ba zan sake rufe wa lamba baki ba.

Ga abin da na gani, ki karanta mata. Komai yana cikin iyaka. Fararen ƙwayoyin jini suna bakin iyakar ta ƙasa, ba su faɗa ba, amma suna bakin. Wannan zai iya zama ba komai ba. A sake gwaji bayan wata uku, a sake bayan wata uku, har ta shiga makaranta, ko da tana gudu tana wasa, ko da kowa ya ce an wuce wurin. In kin ga jini ya kwanta a jikinta ba tare da ta faɗi ba, ko haɓo, kada wanda ya ce miki zafi ne. Kada a jira gobe.

Abu na ƙarshe. Wurin da aka yi gwajin ban san su ba. Ki sa Muntasir ya koma, ya wuce mai karɓar takarda, ya nemi wanda ke zaune gaban injin da kansa. Ya dube shi da kyau, ya ga ko mutum ne da ya gaji. Sannan ya tambaye shi yaushe rabon da ya saita injin, kuma da me ya saita shi.

Ni ana ta ƙoƙari a kaina. Kada ki sa a jira ni.

Ki shafa mini kan yarinyar.

Wassalam,
Yayanki,
Datti